Babi na Tara: Abin da Ya Raba Beatles

Tun kafin duniya ta san da zamansu, John Lennon da Paul McCartney sun ƙulla yarjejeniya ta fatar baki: duk waƙar da ɗayansu ya tsara, sunayensu biyu za a rubuta a kanta, abin da ta kawo kuma a raba biyu. A lokacin babu ma abin rabawa. Samari ne ’yan birnin Liverpool da suka haɗu a watan Yulin 1957 a wajen bikin wata coci, John yana ɗan shekara 16, Paul kuma 15. Paul ya riga ya rasa mahaifiyarsa tun 1956 bayan ta yi fama da ciwon daji, shekara guda da haɗuwarsu kuma mota ta kaɗe mahaifiyar John, ta rasu. Maraicin ya ƙara haɗa kansu. Sukan zauna gaba da gaba a falon gidan su Paul, kowa rungume da jitarsa, wannan ya kawo baiti, wancan ya ɗora masa.

Ko a wancan zaman na falo, gasa tana nan. Kowannensu so yake ya burge abokinsa, ya kuma wuce shi, kuma ni ban ga laifin wannan ba, don ita ce ta fitar da mafi yawan abin da muke so a waƙoƙinsu. A ƙarshen 1966 John ya zo da “Strawberry Fields Forever”, wadda ya gina kan wani gidan renon yara mai lambu da ke kusa da inda ya tashi. Ba a jima ba Paul ya mayar masa da “Penny Lane”, sunan wani titi da su biyun suka sani tun suna yara. Aka buga su a faifai ɗaya a Fabrairun 1967, har gobe kuma masoyansu na musu a kan wacce ta fi.

Inda gasar ta soma tsami shi ne wajen zaɓen fuskar faifai. Ƙaramin faifan garmaho na wancan zamani fuska biyu gare shi. Waƙar da ke fuskar farko ita gidajen rediyo ke sawa, da ita ake sanin faifan. Ta baya kuwa ’yar rakiya ce. Kuɗi ba ya canzawa ko wacce aka zaɓa, tun da sunayen biyu na kan kowacce. Suna ake nema, da a ce wane ne gwani. A shekarun farko John ne kan gaba, shi ya kafa ƙungiyar, muryarsa ce ta fi yawa. Daga baya sai reshe ya fara juyewa. A 1967 “Hello, Goodbye” ta Paul ta hau fuskar farko, aka tura “I Am the Walrus” ta John baya, alhali John na ganin tasa ta fi nesa ba kusa ba. A 1968 aka maimaita: “Hey Jude” a gaba, “Revolution” a baya. Ga kuma “Yesterday” ta 1965, wadda Paul ya tsara shi kaɗai, ya rera ba tare da sauran ukun ba, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da mawaƙan duniya suka fi maimaitawa. John na karɓar rabin kuɗinta, mutane na tare shi suna yaba masa waƙar da ya san ba tasa ba ce, abin yana cin sa a rai.

A ƙarƙashin waɗannan biyun akwai George Harrison. Shi ne auta, Paul ne ya kawo shi cikin ƙungiyar a 1958 yana ɗan yaro, kuma idon da aka kalle shi da shi a ranar farko ba a taɓa sauya shi ba. A kundi mai waƙa 13 ko 14, galibi waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi. Ana kwashe kwanaki ana gyaran waƙar Paul, idan aka zo kan ta George sai kowa ya fara duba agogo. A kamfanin Northern Songs, wanda ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙin ƙungiyar, hannun jarinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato John da Paul, da suke manyan masu hannun jari, suna da rabo mai tsoka a waƙar da shi ya tsara. Ya yi waƙa sukutum yana kuka da wannan, ya sa mata suna “Only a Northern Song”. Wannan ƙorafi ba kishi kawai ba ne, George na da gaskiya.

Abin da ya hana duk wannan fashewa shekara da shekaru mutum ɗaya ne, Brian Epstein. Shagon sayar da faifai na gidansu yake kula da shi a Liverpool lokacin da ya gan su suna wasa a kulob ɗin Cavern a Nuwamban 1961. Ya sa musu kwat, ya yi ta yawo da kaset ɗinsu ana kora shi, har ya samo musu kwangila da kamfanin EMI a 1962. Ba gwanin ciniki ba ne. Kwangilar farko kwabo ɗaya take ba su a kan kowane faifai, su raba su huɗu. Wajen sayar da kayan da ke ɗauke da hotunansu a Amurka, lauyansa ya yarda aka ba su kashi 10 cikin ɗari, wasu can suka kwashe 90. Brian kansa kashi 25 yake ɗauka na abin da suka samu. Amma su huɗun sun yarda da shi, kuma babu wanda yake ganin Brian na wane ne. Idan ya yanke magana an gama. Ba sa zama su kalli juna ido da ido a kan kuɗi, don akwai mai ɗauke musu wannan.

Ranar 27 ga Agustan 1967 aka tsinci gawar Brian a gidansa da ke Landan, yana da shekara 32, bayan maganin barcin da yake sha ya yi masa yawa. Su kuwa suna garin Bangor na yankin Wales wajen wani malamin tsarkake zuciya ɗan Indiya, Maharishi Mahesh Yogi. Daga baya John ya faɗa da bakinsa cewa tun a ranar ya san tasu ta ƙare, don ya san ban da kiɗa ba su iya komai ba.

Paul ne ya miƙe ya ja ragama, kuma dole wani ya ja. Sun daina wasa a gaban jama’a tun Agustan 1966, in ba a kira su situdiyo ba babu abin da zai haɗa su. Shi ke buga waya, shi ke kawo shawara, shi ke cewa a fito aiki. Sai dai abin da aka karɓa daga hannun manaja ba a karɓe shi daga hannun tsara ba. Aikin farko da ya jagoranta, fim ɗin “Magical Mystery Tour”, BBC ta nuna shi washegarin Kirsimetin 1967, jaridu suka yi masa ca. Karon farko ke nan da Beatles suka taɓa abu bai zama zinariya ba, sauran kuma ba su manta shawarar wane ce ba.

Sai batun Apple. Harajin Ingila a kan manyan masu samu a lokacin yakan kai kashi 95 cikin ɗari, masu ba su shawara suka ce ko su zuba kuɗin a kasuwanci ko gwamnati ta kwashe. A Afrilun 1967 suka sa hannu kan takardar haɗin gwiwa ta shekara 10, wadda ta ce duk abin da kowannensu ya samu ta hanyar kiɗa, ban da kuɗin tsara waƙa, asusu ɗaya zai shiga. A riƙe wannan takarda, don ita ce za ta kai su kotu. Daga nan aka kafa Apple Corps, da burin taimakon matasa masu basira ba tare da sun durƙusa wa manyan kamfanoni ba. Niyyar mai kyau ce, ɓangaren faifai ma ya yi nasara. Amma sauran ya zama rariya. Shagon tufafin da suka buɗe a titin Baker a Disamban 1967 bai kai wata takwas ba, suka rufe shi, suka rabar da kayan kyauta. A ofishinsu da ke lamba 3 titin Savile Row ana ci ana sha da kuɗin kamfani, kayan ofis na ɓacewa, abokai da ’yan cin arziki na karɓar albashi ba tare da an san aikinsu ba. A farkon 1969 John ya gaya wa wani ɗan jarida cewa in aka ci gaba a haka, cikin wata shida za su tsiyace. Maganar ta fito a jarida, ta kuma isa kunnen wanda ya daɗe yana jiran ta.

Kafin mu je kansa, bari mu tsaya kan matar da aka ɗora wa laifin duka. Yoko Ono ’yar Japan ce, mai fasahar zane da baje koli, ta girmi John da shekara bakwai. Daga tsakiyar 1968 ya fara zuwa da ita situdiyo, ta zauna kusa da shi, har ta sa baki a aiki, alhali al’adarsu mata ba sa shiga wurin. Babu shakka hakan ya takura wa sauran. Paul, wanda ya saba idan ya ɗaga kai idon John zai gani, ya ji an karɓe masa wuri. George ma bai ɓoye ƙin ta ba. Shan hodar heroin da ita da John suka faɗa ciki ya ƙara nesanta shi da kowa. Duk wannan gaskiya ne. Amma zagin da jaridun Ingila da wasu masoya suka yi mata, har da gori kan launin fatarta da ƙirar idonta, zalunci ne, kuma ya rufe wa mutane ido daga abin da ke faruwa a zahiri. John ya gaji da zama ɗan Beatles tun kafin ta zo. Paul da kansa ya ce a 2012 ba ita ta raba su ba.

Hujja a kan haka ita ce, wanda ya fara ficewa ba John ba ne. Ringo Starr ne, mai ganga, wanda kowa ya san shi da sanyin hali. A Agustan 1968, ana tsakiyar aikin kundin nan mai farin bango, ya ajiye sandunansa ya ce ya tafi. Yadda ya ba da labari, ya je gidan John ya ce masa yana jin kamar shi bare ne, su ukun ne ke da kusanci. John ya ce shi ai ya ɗauka su ukun ne ke tare, shi ne bare. Ya wuce gidan Paul, Paul ya ba shi amsa iri ɗaya. Mutum huɗu, kowa na jin an ware shi. Ringo ya yi kusan mako biyu a tsibirin Sardiniya, ya dawo ya tarar an lulluɓe gangunansa da furanni. A wannan zangon ne injiniyansu na sauti, Geoff Emerick, ya ajiye aiki don ya gaji da faɗace-faɗace, a daidai kwanakin da Paul ke sa su maimaita “Ob-La-Di, Ob-La-Da” ba iyaka, John kuwa ya tsane ta. Kalaman sunan waƙar ma daga bakin wani makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Landan Paul ya ɗauko su, Jimmy Scott, wanda shi ma daga baya ya nemi a biya shi.

George ya bi sahu a Janairun 1969. Sun taru a ɗakin shirya fim na Twickenham, wuri mai faɗi da sanyi, kyamarori na ɗaukar duk motsinsu. George bai daɗe da dawowa daga Amurka ba, inda ya zauna da Bob Dylan aka ɗauke shi a matsayin mawaƙi cikakke. Ya dawo gida ya tarar Paul na koya masa yadda zai taɓa jita. Kyamara ta ɗauki lokacin da ya gaya wa Paul, cikin murya ƙasa-ƙasa, cewa zai kaɗa duk abin da yake so, in ma ba ya so ya kaɗa komai zai bari. Waƙoƙin da ya kawo, har da “All Things Must Pass”, an taɓa su sama-sama an ajiye. Ranar 10 ga wata, da lokacin cin abincin rana ya yi, ya ce ya bar ƙungiyar, ya fita. John ya ce in bai dawo ba a kira makaɗin jita Eric Clapton. George ya dawo bayan ’yan kwanaki bisa sharaɗi, suka koma ginin Apple, ranar 30 ga Janairu kuma suka hau rufin ginin suka yi wasan kusan minti 42, na ƙarshe da suka yi a bainar jama’a. Wanda ya kalli fim ɗin da Peter Jackson ya haɗa daga waɗannan hotuna a 2021 zai ga abin da ke ba ni tausayi: suna dariya, suna tsokanar juna, kiɗa na tashi kamar dā. A wannan matakin ana iya ɗinke ɓarakar.

A wannan makon ne John ya zauna da Allen Klein a otal ɗin Dorchester. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Klein kuwa ya san inda tsagar take. Akanta ne ɗan Amurka wanda ya yi suna wajen bin diddigin littattafan kamfanonin faifai yana ƙwato wa mawaƙa kuɗin da aka danne musu. Ya yi wa Sam Cooke aiki, ya samo wa Rolling Stones kwangila mai tsoka. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, ya yi zaman gidan marayu, maganarsa ba ta da ado. Ya zo ya haddace waƙoƙin Beatles, ya san wacce ta John ce wacce ta Paul, ya yi ta yaba na John. Ya kuma girmama Yoko a lokacin da kowa ke harararta. Mutumin da ya shekara biyu yana jin ana danne shi ya sami wanda ya ce masa kai ne gwanin. A daren John ya rubuta wa shugaban EMI takarda cewa daga yau Klein ke kula da al’amuransa.

Paul kuwa ya riga ya yi nasa tanadin. Yana shirin auren Linda Eastman, ya aure ta ranar 12 ga Maris, mahaifinta Lee Eastman da yayanta John Eastman kuma manyan lauyoyin harkar kiɗa ne a New York. Su yake so su riƙe Apple. A nan nake ganin Paul ya yi kuskuren da ya fi kowanne. Zarginsa a kan Klein daidai ne, Mick Jagger na Rolling Stones ma ya ja masa kunne. Amma ta yaya mutum uku da ke kukan ka cika mulki za su miƙa dukiyarsu ga surukinka? Ko da Eastman waliyyi ne, George da Ringo ba za su yarda ranar da aka sami saɓani zai tsaya tsakiya ba. Da Paul ya kawo wani na uku wanda ba na kowa ba, da wataƙila labarin ya sauya. Bai kawo ba. George da Ringo suka bi John. A dā ƙa’idarsu ita ce ba a yin abu sai duka huɗun sun yarda; yanzu an koma uku da ɗaya. Aka yi ƙoƙarin raba gardama, Klein ya zama manajan kasuwanci, su Eastman lauyoyi, sai kowane zama ya koma fagen zage-zage tsakanin ɓangarorin biyu.

Suna cikin wannan ja-in-ja dukiya ta riƙa zubewa ta bayan gida. A Fabrairu dangin Epstein, da harajin gado ya matsa musu, suka sayar da kamfanin marigayin, NEMS, ga wani kamfanin zuba jari, tare da haƙƙin karɓar kashi 25 na kuɗin faifan Beatles. A ƙarshen Maris kuma aka yi babbar asara. Dick James, wanda ya kafa Northern Songs a 1963 kuma shi da abokin cinikinsa ke riƙe da kaso mafi girma, ya ga rigima ta yi yawa, ya sayar da hannun jarinsa ga kamfanin ATV na Lew Grade ba tare da ya tuntuɓi John ko Paul ba. John na Amsterdam yana hutun amarci ya ji labari. Suka yunƙura su sayi kamfanin su ƙwato waƙoƙinsu. Da aka baje takardu a tebur sai aka ga Paul na da hannun jari 751,000, John na da 644,000, kuma Paul ya ɗan sayi ƙari a asirce bai gaya wa kowa ba. Paul ya dage cewa abin da ya saya kaɗan ne. Ga John yawan ba shi ne magana ba. Shekara 12 ana raba komai biyu, ashe abokin tafiya na ƙara nasa a ɓoye. Sannan Paul, bisa shawarar surukansa, ya ƙi sa nasa hannun jarin jingina don a ci bashin sayen. John shi ma ya fusata ya zagi attajiran Landan da ake lallashi su mara musu baya, suka juya suka bi ATV. Kafin shekarar ta ƙare, waƙoƙin da suka tsara sun zama mallakar wani.

Ranar Juma’a 9 ga Mayu, a situdiyon Olympic, su ukun suka zo wa Paul da takardar da ta ba Klein kashi 20 cikin ɗari. Paul ya ce ƙungiya kamar tasu 15 ma ya isa, a bari sai Litinin lauyansa ya duba. Suka ce jan ƙafa yake yi. Klein ya ce dole ya kai wa hukumar kamfaninsa amsa, Paul ya ce wace hukuma, ai shi kaɗai ne kamfanin. Suka fita suka bar shi. Ya tarar da mawaƙin Amurka Steve Miller a wani ɗaki, ya zauna kan ganga ya huce haushinsa a kanta har dare ya raba. Bai taɓa sa hannu a takardar ba.

Abin mamaki, a cikin wannan hali suka yi kundin “Abbey Road”, kuma waƙoƙi biyu da suka fi fice a cikinsa, “Something” da “Here Comes the Sun”, na George ne. Ta biyun ma ya tsara ta ne a lambun Eric Clapton ranar da ya guje wa zaman lissafi a Apple. A wani zama da suka yi a farkon Satumba, wanda aka naɗa a kaset don Ringo na asibiti, John ya kawo shawarar a kundi na gaba shi da Paul da George kowa ya sami waƙa huɗu, a kuma daina haɗa sunaye, kowa ya sa nasa. Paul ya ce shi dai a ganinsa sai a bana waƙoƙin George suka yi kyau. George na zaune yana ji. Ranar 20 ga watan suka taru don sa hannu kan sabuwar kwangilar da Klein ya ƙwato musu daga kamfanin Capitol, mai ba su kashi 25 na farashin sari a Amurka, abin da ba a saba ba mawaƙi ba a lokacin. A faɗi gaskiya, wannan aiki ne mai kyau, Paul ma ya sa hannu. A wurin ne Paul ya ce me zai hana su koma wasa a ƙananan kulob kamar dā. John ya dube shi ya ce ya zare, shi barin ƙungiyar zai yi, saki yake so. Klein ya roƙe shi ya yi shiru kada ciniki ya lalace, ya yi shiru.

Paul ya tattara iyalinsa ya tafi gonarsa a Kintyre ta ƙasar Scotland. Ya faɗa daga baya cewa ya shiga damuwa mai tsanani, yana shan giya, ba ya iya tashi daga gado. Da ya farfaɗo ya naɗi kundi shi kaɗai a gida, ya sa ranar fitarwa 17 ga Afrilun 1970. Ranar ta yi karo da ta kundin ƙungiyar, “Let It Be”. John da George suka rubuta wasiƙa cewa an ɗage nasa zuwa Yuni, Ringo kuma, don ya ga bai dace ɗan aike ya kai irin wannan saƙo ba, ya ɗauka da kansa ya kai gidan Paul. Paul ya yi masa tsawa ya kore shi. Duk da haka Ringo ne ya koma ya lallashi sauran a bar wa Paul ranarsa. Kashegari, 1 ga Afrilu, Phil Spector, wanda John da Klein suka ba kaset ɗin “Let It Be” ya gyara, ya lafta gogen turawa da ’yan amshi mata a kan “The Long and Winding Road” ta Paul ba tare da an tambaye shi ba. Paul ya rubuta wa Klein a cire, ba a kula shi ba. Mutum ya kai ba shi da iko da ranar fitar da kundinsa, ba shi da iko da sautin waƙarsa, a kamfanin da yake da rubu’insa.

Sai Paul ya raba wa ’yan jarida takardar tambaya da amsa, a ciki ya ce ba shi da shirin sake aiki da Beatles, ba ya kuma hango sake tsara waƙa da John. Ranar 10 ga Afrilu jaridar Daily Mirror ta buga a shafin farko cewa Paul ya fice. John ya fusata, ba don ƙungiyar ta mutu ba. Shi ya kafa ta, shi ya fara cewa ya tafi, ya haɗiye maganar wata bakwai don amfanin kowa, ga Paul ya ɗauke sanarwar ya tallata kundinsa da ita. Har a kan wa ya kashe ta sai da suka yi kishi.

Takardar 1967 kuwa tana nan da ranta, sai 1977 za ta ƙare. Duk kwabon da faifan Paul ya kawo asusun da Klein ke riƙe da shi zai faɗa. Lauyoyi suka gaya masa ba zai iya ƙarar Klein ba, don sunansa ba ya cikin takardar. In yana son kuɓuta, abokansa zai kai ƙara. Ranar 31 ga Disamban 1970 ya shigar da ƙarar John da George da Ringo da Apple a Babbar Kotun Landan. Aka fara sauraro a Fabrairun 1971, shi kaɗai ya halarta, sauran suka aiko da rantsuwa a rubuce, aka karanta a fili yadda George ke kukan raini da yadda aka kori Ringo. Ranar 12 ga Maris Mai Shari’a Stamp ya ba Paul gaskiya, ya naɗa wakilin kotu ya riƙe dukiyar. Jama’a suka tsane shi a kan wannan ƙara, alhali ita ta tsare wa su huɗun abin da ya rage.

Faɗan ya koma cikin faifai. Paul ya yi wa John habaici a kundin “Ram”, John ya rama da “How Do You Sleep?”, zambo tsirara, George kuma ya kaɗa masa jita a kai. George ɗin ya riga ya ba da tasa amsar tun Nuwamban 1970, da ya fitar da kundi mai faifai uku cike da waƙoƙin da aka ƙi saurara, ya hau saman jadawalin ciniki a Amurka da Ingila.

A 1973 su ukun suka rabu da Klein, John ya amsa a gaban kyamara cewa mai yiwuwa zargin Paul daidai ne. Klein ya maka su a kotu yana neman dala miliyan 19, sai a 1977 aka sasanta, Apple ya biya shi kimanin miliyan biyar. Ya kuma yi wa George abin da ya fi wannan muni: a shari’ar da aka zargi George da kwaikwayon wata tsohuwar waƙa a “My Sweet Lord”, Klein, wanda dā yake ɓangarensa, ya je ya sayi kamfanin da ke ƙararsa. A 1980 Klein ya yi wata biyu a kurkuku kan laifin da ya shafi haraji. Takardun raba gari kuwa an shirya sa musu hannu a otal ɗin Plaza na New York a Disamban 1974. Paul da George suka zo, John da ke zaune a birnin ya ƙi zuwa, sai bayan kwanaki ya sa nasa hannun a Florida. Ranar 9 ga Janairun 1975 kotu ta rushe haɗin gwiwar. John da Paul sun shirya daidai gwargwado, sukan yi waya, Paul kan ziyarce shi, amma ba su sake fitar da waƙa tare ba har aka harbe John a ƙofar gidansa ranar 8 ga Disamban 1980.

Waƙoƙin da suka suɓuce a 1969 ba su dawo da sauƙi ba. A farkon shekarun 1980, lokacin da Paul ke aiki da Michael Jackson, ya nuna masa irin ribar da ke cikin mallakar waƙoƙi. A 1985 Jackson ya sayi ATV Music a kan dala miliyan 47.5, da waƙoƙin Lennon da McCartney a ciki, bayan shekara 10 kuma ya haɗa jari da Sony. Sai a Janairun 2017 Paul ya shigar da ƙarar Sony/ATV a New York, yana dogaro da dokar Amurka ta 1976 da ta ba mai waƙa damar karɓar haƙƙinsa bayan shekara 56. Aka sasanta a watan Yuni bisa sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka bar wa cikinsu, lokacin yana da shekara 75.